Ina Indra Ya Shiga? Amsa Kan Allolin Veda Da Na Hindu Na Yau

Tambaya: Malam, na karanta cewa Veda su ne littattafai mafi tsarki a wurin mabiya addinin Hindu, kuma allolin da aka fi ambata a cikinsu su ne Indra da Agni. Amma a finafinan Indiya da muke kallo tun muna yara, Shiva da Krishna da Ganesha da Durga ake wa bauta, ban taɓa ganin ana roƙon Indra ba. Shin addini biyu ne, ko ɗaya ne ya sauya? Kuma mene ne matsayin Veda a wurinsu yau?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka lura da shi haka yake, kuma a kansa tarihin wannan addini ya ginu. Zan yi maka bayani yadda littattafansu da binciken tarihi suka nuna, da sunayen da su masu addinin suke kiran abubuwansu.

Abin da ya faru shi ne, kalmomin Veda sun tsaya cak, ba a taɓa su ba, amma waɗanda ake fuskanta da kalmomin sun sauya. Ba a yi watsi da Veda ba. Haka kuma ba a cikinta aka tsamo addinin Hindu na yau kai tsaye ba. Duk abin bautar da ya yi ƙarfi daga baya, ko daga ina ya fito, sai an nema masa wani suna ko wani baiti a cikin Veda an ɗaura shi a kai, sannan ya samu gindin zama.

Mafi tsufa a cikin Veda huɗu ita ce Rigveda. Waƙoƙin yabo ne guda 1,028, an kasa su kashi 10, baitocinsu sun haura 10,000. Akasarin masana suna sa lokacin tsara su tsakanin shekara ta 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Punjab da kewayensa, wato arewa maso yammacin Indiya da Pakistan ta yau. Masu waƙoƙin makiyaya ne, dukiyarsu shanu da dawaki, abin taƙamarsu keken yaƙi. Abin da suke roƙo kuwa shanu, 'ya'ya maza, ruwan sama, galaba kan abokan gaba, da tsawon rai har a ga kaka ɗari.

A wannan duniya Indra ne sarki. Waƙoƙi kusan 250 nasa ne, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na littafin. Jarumi ne mai riƙe da makamin aradu, shi ya kashe macijin nan Vritra da ya tare ruwa a cikin duwatsu, koguna suka ɓalle. Agni, wato wuta, yana da kusan 200, kuma da sunansa aka buɗe baitin farko na Rigveda, domin shi ne ɗan aike mai kai hadaya daga mutane zuwa ga alloli. Kashi na 9 gaba ɗaya na Soma ne, wani abin sha da ake matsewa daga tsiro ana zuba wa alloli. Akwai kuma Varuna, wanda waƙoƙinsa ba su da yawa amma suna da nauyi. Shi ne mai tsaron tsarin duniya, mai sanin gaskiya da ƙaryar mutane, kuma a waƙoƙinsa ne za ka ji mawaƙi yana kuka da laifinsa yana neman a yafe masa. A ganina su ne waƙoƙin da suka fi taɓa zuciya a duk littafin.

Waɗannan sunaye ba a Indiya kaɗai aka san su ba. A farkon ƙarni na 20 aka tono wani allon yumɓu a kufan Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, ɗauke da yarjejeniya tsakanin sarkin Hitiyawa da sarkin Mitanni, wata daula da ta yi zamani a arewacin Siriya. Yarjejeniyar ta ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa ce, kuma cikin allolin da aka kafa shaida akwai Mitra da Varuna da Indra da tagwayen Nasatya.

Yanayin bautar ma daban ne da wanda ka saba gani. Babu ginin bauta, babu sassaƙaƙƙen gunki. Fili ake sharewa, a hura wuta, a shimfiɗa ciyawa domin alloli su zauna a matsayin baƙi, a zuba man shanu da madara da hatsi a cikin wuta, wani lokaci a yanka dabba. Idan an gama a tashi.

To ina Vishnu da Shiva a lokacin? Suna nan, amma a gefe. Vishnu yana da waƙoƙi biyar ko shida kacal. An san shi da abu ɗaya, taku uku da ya yi ya auna duniya da su, kuma abokin Indra ne mai taimakonsa a yaƙi. Akwai baitin da Indra, yana shirin far wa Vritra, yake ce wa Vishnu ya buɗe taku, ya ba shi fili. Shiva kuwa da sunan Rudra aka san shi, kuma waƙoƙi uku ne nasa shi kaɗai. Maharbi ne mai baka da kibiya, mai jefo cuta, ana tsoronsa. Roƙon da ake masa shi ne kada ya kashe babba ko ƙarami, kada ya taɓa uwa ko uba, kada ya cutar da shanu da dawaki. Amma kuma shi ne ake kira babban mai magani. Kalmar shiva a lokacin siffa ce mai nufin mai alheri, ana lallashinsa da ita, sai daga baya ta zama sunansa.

Sauyin ya fara ne daga cikin Veda kanta, kuma wannan ne mutane da yawa suke tsallakewa. Bayan waƙoƙin sai littattafan Brahmana, masu sharhin yadda ake hadaya, suka biyo. A cikinsu hadayar ce ta zama babba, har ta fi allolin da ake yi dominsu muhimmanci, domin an ɗauka cewa idan aka yi ta daidai, sakamako dole ya biyo. A nan ne Vishnu ya samu ƙofarsa, domin ana ta maimaita cewa Vishnu shi ne hadaya. Littafin Aitareya Brahmana ya buɗe da cewa Agni ne a ƙasan alloli, Vishnu a samansu, sauran duk suna tsakani. Littafin Shatapatha Brahmana kuma ya kawo labarin da alloli suka je neman kaso na ƙasa a wurin abokan gabarsu, aka ce za a ba su iya inda Vishnu zai kwanta, shi kuwa wada ne a lokacin, amma da shi suka mallake ƙasar baki ɗaya.

Haɗa wannan wadan da taku ukun Rigveda, sai ka samu labarin Vamana na Purana, wato littattafan labaran alloli da suka zo daga baya, inda Vishnu ya zo a siffar wada wurin sarki Bali ya roƙi ƙasa taku uku, ya girma ya taka sama da ƙasa. Mutanen Kerala har yau suna bikin Onam suna tunawa da wannan sarki. Amma dubi yadda matsayi ya juye. A labarin na Purana Indra ne aka ƙwace wa mulki, Vishnu ne ya ƙwato masa. Mai taimako ya zama mai gida.

Haka sauran siffofin da ake cewa Vishnu ya sauko duniya a cikinsu. Labarin kifin da ya gargaɗi Manu, wanda suke ɗauka kakan mutane, game da ambaliya, ya ja jirginsa zuwa dutse, yana cikin Shatapatha Brahmana, amma ba a ce kifin Vishnu ne ba. A Mahabharata, babbar waƙar labarin yaƙi ta Indiya, kifin ya ce shi Brahma ne. Sai a Purana ya zama Vishnu. Kunkuru da aladen daji ma da Prajapati, mahaliccin littattafan Brahmana, aka fara alaƙanta su. Vishnu ya gaji labaran, Brahma kuma ya gaji muƙamin mahalicci, amma ba tare da masu bauta da yawa ba. Wurin bautarsa na Pushkar a Rajasthan ya yi suna ne saboda ƙarancin irinsa.

Sai Upanishad, littattafan tunani kan asalin komai waɗanda su ne ƙarshen Veda, suka zo da tambayar da ta rage wa tsofaffin alloli girma. A Brihadaranyaka Upanishad an tambayi malami Yajnavalkya, alloli nawa ne? Ya ce 3,306. Aka ce a gaskiya nawa ne? Ya ce 33. Aka ci gaba da matsa masa, ya ce shida, uku, biyu, ɗaya da rabi, har ya ce ɗaya. Kena Upanishad ta fi fito da abin fili. Alloli sun ci yaƙi suna taƙama, sai wani abu da ba su sani ba ya bayyana gabansu. Agni ya je, abin ya ajiye masa tsinken ciyawa ya ce ya ƙona, ya kasa. Vayu, wato iska, ya je ya kasa ɗaga tsinken. Da Indra ya matso abin ya ɓace, sai ya tarar da wata mace, Uma 'yar Himalaya, ta shaida masa cewa Brahman ne, asalin komai, kuma nasarar da suke taƙama da ita tasa ce. Wannan Uma ita ce daga baya aka sani da matar Shiva. Tushen wannan tunani ma yana cikin Rigveda, a baitin da yake cewa ana kiransa Indra, Mitra, Varuna, Agni, abu ɗaya ne masana suke kira da sunaye da yawa. Da zarar an yarda akwai Ɗaya a bayan masu yawa, tambaya ta koma wane suna za a ba shi. Shvetashvatara Upanishad ta ce Rudra. Wasu suka ce Narayana, wato Vishnu.

Zuwa nan labari ne na girma daga ciki. Amma rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin ya shigo ne daga wajen Veda, daga bautar ƙabilu, da garuruwa, da ƙauyuka, da kudancin Indiya mai harsunan da ba dangin Sanskirit, harshen Veda, ba.

Krishna babban misali ne. Bautar Vasudeva ta taso ne a yankin Mathura, tsakanin ƙabilar Vrishni. Wajen shekara ta 180 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin Girkawa Agathocles ya buga kuɗi da hoton Vasudeva da ɗan'uwansa Sankarshana, an tono su a Ai Khanoum a Afganistan. Wajen shekara ta 110 kuma, wani jakadan Girkawa mai suna Heliodorus, mutumin Taxila, ya kafa ginshiƙin dutse a Besnagar, tsakiyar Indiya, ya rubuta cewa ya sadaukar da shi ga Vasudeva, allan alloli, ya kira kansa mai bautarsa. Ginshiƙin yana nan tsaye. Wannan Vasudeva, da Krishna na makiyaya, da Narayana, da Vishnu na Veda, a hankali aka haɗa su suka zama ɗaya.

Kuma littattafan ba su ɓoye cewa an yi jayayya ba. A Harivamsha da Vishnu Purana da Bhagavata Purana, yaro Krishna ya tarar da makiyaya suna shirin bikin Indra na shekara. Ya ce musu, mu makiyaya ne, shanu da dutsen Govardhana ne suke ciyar da mu, su ya kamata mu girmama. Suka bi maganarsa. Indra ya fusata ya sako ruwa kwana bakwai, Krishna ya ɗaga dutsen suka fake a ƙarƙashinsa, Indra ya sauko ya sunkuya. Ana bikin tunawa da wannan washegarin Diwali, bikin fitilu. Idan kana neman wurin da addinin da kansa ya ba da labarin sauke Indra, to ga shi nan.

Ganesha mai kan giwa ba ya cikin Rigveda, siffofinsa sun fara yawaita ne wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 Miladiyya, zamanin daular Gupta. Amma a Rigveda akwai baitin da yake kiran wani abin bauta, Brihaspati, da laƙabin ganapati, shugaban runduna. Da yake Ganesha ma ana kiransa Ganapati, wannan baiti ne ake karanta masa yau. Durga ma haka. Littafin da ya kafa ta a matsayin babbar allahiya shi ne Devi Mahatmya, mai baiti 700, na wajen ƙarni na 5 zuwa na 6. Allahiyoyin Rigveda irin su Ushas, wato alfijir, ba su da wannan matsayi. Amma akwai waƙa a kashi na 10 inda Vak, wato magana, take cewa ita ce sarauniya, ita ke ɗauke da alloli, ita ke ɗana wa Rudra bakansa. Wannan waƙa ake haɗawa da karatun Devi Mahatmya. Sarasvati kogi ce a Rigveda, aka haɗa ta da Vak, ta zama allahiyar ilimi. Murugan na Tamilawa aka ce shi ne Skanda ɗan Shiva. Masu bautar Shiva kuma suna zuba ruwa da madara a kan alamarsa suna karanta doguwar addu'ar Rudra ta Yajurveda, wadda asalinta ta hadayar wuta ce.

Yanzu ga batun littattafan. Sun kasa su biyu. Shruti, abin da aka ji, shi ne Veda huɗu da Brahmana da Aranyaka da Upanishad. Smriti, abin da aka tuna, shi ne littattafan shari'a irin na Manu, da Mahabharata, da Ramayana, da manyan Purana 18. Mai karatu Musulmi zai yi saurin cewa ai kamar Alƙur'ani da Hadisi ke nan. Kamannin yana nan ta fuska ɗaya, domin ƙa'idarsu ita ce idan smriti ta saɓa wa shruti, shruti ake bi. Amma kada ka ja kwatancen ya wuce nan. Mazhabar Mimamsa, wadda ta fi kowa zurfi a nazarin Veda, ta ce Veda ba ta da mawallafi ko kaɗan, ba mutum ba, ba abin bauta ba, tana nan tun azal. Malamanta kuma sun kafa wata ƙa'ida mai faɗi, cewa idan aka samu hukunci a smriti wanda ba a gan shi a Veda ba kuma bai saɓa mata ba, sai a ɗauka yana da tushe a wani sashe na Veda da ya ɓace. Ta wannan ƙofa abubuwa masu yawa suka shigo da sunan Veda.

Sannan Veda ba littafin kowa da kowa ba ne. Littattafan shari'a sun hana 'yan ajin Shudra, wato ajin ƙasa na masu hidima, jin ta, mata ma aka nisanta su da karatunta. Bhagavata Purana da kanta ta ce malami Vyasa ya tsara Mahabharata ne don tausayin mata da Shudra da waɗanda Veda ba ta isa kunnensu. Don haka mafi yawan mutane ta labaran Rama da Krishna da Shiva suka san addininsu, ba ta waƙoƙin Indra ba. Ko a cikin Brahmin, wato ajin malaman addini, abin da aka fi tsarewa shi ne sauti. Suna da hanyoyin hadda masu ban mamaki, ana karanta kalmomi gaba da baya a sarƙe don kada harafi ɗaya ya goce, har hukumar UNESCO ta sa wannan karatu cikin kayan tarihin ɗan Adam a 2003. Al-Biruni, malamin Musulmi da ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya ce Brahmin suna karanta Veda da ka ba tare da fahimtar ma'anarta ba, ƙalilan ne suke koyon sharhinta. Kuma shi kansa, da zai bayyana aƙidarsu, Bhagavad Gita, wato jawabin Krishna da ke cikin Mahabharata, da Purana ya fi jawowa.

Littattafan da suka zo daga baya ba su ce sun soke Veda ba. Mahabharata ta kira kanta Veda ta biyar, ta ce da tarihi da Purana ake cika Veda. Waƙoƙin Nammalvar, wani mawaƙi mai bautar Vishnu, na harshen Tamil ana kiransu Vedar Tamil, ana rera su a wuraren bautar Vishnu na kudu kafaɗa da kafaɗa da ta Sanskirit. Bhagavad Gita ta fi kowa iya tafiya a kan wannan siraɗi. A babi na 2 ta soki masu maƙale wa ƙawatattun kalmomin Veda don neman jin daɗi da mulki. A babi na 15 Krishna ya ce shi ne abin da ake nema a sani a dukkan Veda. A babi na 10 ya ce a cikin rukunin allolin Aditya shi ne Vishnu, a cikin alloli shi ne Indra, a cikin rukunin allolin Rudra shi ne Shankara, wato Shiva. Bai kori kowa ba, ya mayar da su sassan kansa ne. Tsarin gina wurin bauta da kafa siffa da yi mata hidima kuwa, yawancinsa daga littattafan Agama yake, ba daga Veda ba.

Tsofaffin allolin ba su ɓace ba, an ba su ƙananan muƙamai. Indra ya zama sarkin sama kuma mai tsaron gabas, wanda a labarai kullum yake tsoron kada wani mai tsananin ibada ya ƙwace masa kujera. Varuna ya koma mai kula da teku da yamma, Yama, abin bautar mutuwa, da kudu. A Kathmandu ta Nepal har yanzu ana bikin Indra Jatra. Agni ne ya fi riƙe aikinsa, domin shi ne shaidar aure, ango da amarya shi suke kewayawa ana karanta baitocin waƙar aure ta Rigveda, kuma shi ake miƙa wa gawa. Baitin Gayatri da miliyoyin mutane suke karantawa da asuba daga kashi na 3 na Rigveda yake, kuma Savitar, abin bautar da ake alaƙantawa da rana, ake roƙo a cikinsa. Manyan hadayoyin sun yi ƙaranci ƙwarai, amma a 1975 Brahmin na Nambudiri sun yi hadayar Agnicayana ta kwana 12 a ƙauyen Panjal na Kerala, masani Frits Staal ya ɗauki bayaninta, kuma maimakon awaki aka yi amfani da curin garin shinkafa.

Akwai 'yan Hindu da suka ga wannan tazara kamar yadda ka gan ta, suka ce a koma tushe. Dayananda Saraswati ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombay a 1875, ya ƙi Purana, ya ƙi bautar gumaka, ya ce Indra da Agni da Varuna duk sunaye ne na Ubangiji ɗaya. Mabiyansa har yau wuta suke hurawa, ba sa kafa siffa. Amma su tsiraru ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ka kiyaye. Za ka ga masu muhawarar addini a bidiyo suna jawo wani baiti na babi na 32 na Yajurveda, mai cewa ba shi da pratima, su fassara shi da ba shi da gunki, su ce ga shi 'yan Hindu sun bar littafinsu. Baitin gaskiya ne, kuma haka 'yan Arya Samaj suke karanta shi. Amma tsofaffin masu sharhi da dama sun fassara shi da cewa ba shi da tamka, ba shi da abin kwatance. Idan ka kai wannan hujja gaban mai bautar Vishnu daga Srirangam a kudancin Indiya, ba zai ji ka kama shi ba. Zai ce maka ya yarda Ubangijinsa ba shi da tamka, cewa Veda da Gita da Agama da waƙoƙin Nammalvar duk magana ɗaya suke yi, kuma saukowa cikin siffar da ke wurin bauta rahama ce daga Vishnu ga wanda ba zai iya kaiwa gare shi ba. Kana iya ƙin yarda da shi, amma sai ka san wane littafi yake tsaye a kai kafin ka yi masa magana, domin ba lallai ne ya zama wanda kake riƙe da shi a hannu ba.